Makin Lafiyar Zuciya: Lissafin da Ya Kamata Kowace Mace Ta Iya



Shekara biyu da suka wuce, ana saura mako uku a fasa akwati, ma'ajiyar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da nake zagayawa ta faɗi a bakin murhu tana tuƙa tuwon dare. Ko da aka ɗaga ta, bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi, magana ba ta fita. Aka ce iska ce, aka kwana ana turare da shafe-shafe. Sai washegari aka kai ta asibiti, aka auna jininta aka tarar ya haura 200. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jinin ya daɗe a jikinta ba ta sani ba. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma sana'ar ƙosai ta tsaya, asusun taimakon juna ya ƙare tas a kan magani da kuɗin mota, 'yarta ta fari kuma ta bar makaranta tana jinya.

Matar nan ba ta taɓa kuskuren naira ɗaya ba a littafin ƙungiya. Lissafin jikinta ne kawai ba wanda ya taɓa koya mata. Abin da ya sa na rubuta wannan babi ke nan. Ni ba likita ba ce, jami'ar ƙungiya ce, amma na nemi sani, na kuma gwada abin a kaina kafin in kawo muku.

Daga ina makin ya fito?

A shekarar 1948, a wani gari mai suna Firamingham da ke Amurka, masu bincike suka ɗauki mutum 5,209 suna auna su lokaci-lokaci, suna rubuta wanda ya kamu da ciwon zuciya da wanda bai kamu ba. Da shekaru suka tafi, sai ta bayyana cewa ciwon ba ya faɗa wa mutane haka kawai. Ya fi kama mai hawan jini, da mai yawan kitse a jini, da mai shan taba, da mai ciwon suga.

A 2010 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta tattara abubuwa 7 ta ce su ne ma'aunin lafiyar zuciya. A 2022 ta gyara ma'aunin, ta ƙara barci suka zama 8, ta kuma ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Da Turanci suna ce masa Life's Essential 8, mu kuwa mu kira shi ginshiƙai takwas. Huɗu halaye ne: abinci, motsa jiki, taba, barci. Huɗu kuma awo ne: nauyi, kitsen jini, sugan jini, ƙarfin bugawar jini. Ana tara makin duka a raba da 8. Wadda ta samu 80 zuwa 100 tana sama, 50 zuwa 79 tana tsakiya, ƙasa da 50 kuwa tana ƙasa.

Me ya haɗa waɗannan takwas da zuciya?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunki, tana bugawa kusan sau 100,000 a rana tana tura jini cikin jijiyoyi. Ki ɗauki jijiyar kamar tiyon ruwa. Idan jini na tafiya da ƙarfi fiye da kima shekara da shekaru, bangon jijiyar yana kurjewa yana tauri. Hayaƙin taba da yawan suga su ma suna ɓata wannan bango. Inda ya ɓaci, nan kitsen jini ke maƙalewa yana taruwa, hanya tana ƙuntata. Wata rana taron kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ita ma zuciyar, in ta daɗe tana tura jini da ƙyar, sai ta yi kauri, daga baya ta gaji: ga haki, ga kumburin ƙafa. Ƙoda ma ba ta tsira.

Sauran ginshiƙan ta nan suke shigowa. Gishiri da ƙiba da rashin motsi da ƙarancin barci su ne ke tura jini da suga da kitse sama. Shi ya sa ake haɗa su a maki ɗaya: sarƙe suke da juna.

Yadda ake ba da maki

1. Ƙarfin bugawar jini. Na'ura tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Ƙasa da 120 bisa ƙasa da 80, maki 100. Ta sama 120 zuwa 129, ta ƙasa ba ta kai 80 ba, maki 75. Ta sama 130 zuwa 139, ko ta ƙasa 80 zuwa 89, maki 50. Ta sama 140 zuwa 159, ko ta ƙasa 90 zuwa 99, maki 25. Daga 160 ko 100 zuwa sama, sifili. Mai shan maganin hawan jini ana rage mata 20.

2. Sugan jini, wanda ake aunawa da safe kafin a karya. Ƙasa da 100, maki 100. Daga 100 zuwa 125, maki 60. Mai ciwon suga tana samun 40 zuwa ƙasa, gwargwadon yadda ta riƙe shi. Wasu asibitoci suna rubuta ƙananan lambobi: 5.6 a wurinsu daidai yake da 100, 7.0 kuma daidai da 126.

3. Kitsen jini, wato kolestarol. Ana cire mai amfanin, wanda ake rubutawa HDL, daga jimla. Abin da ya rage in bai kai 130 ba, maki 100. Daga 130 zuwa 159, maki 60. Daga 160 zuwa 189, maki 40. Daga 190 zuwa 219, maki 20. Sama da haka, sifili. A ƙananan lambobi 130 shi ne kimanin 3.4.

4. Nauyi gwargwadon tsayi. Ki ninka tsayinki a mita da kansa, sannan ki raba nauyinki a kilo da abin da ya fito. Ƙasa da 25, maki 100. Daga 25 zuwa 29.9, maki 70. Daga 30 zuwa 34.9, maki 30. Daga 35 zuwa 39.9, maki 15. Daga 40, sifili.

5. Motsa jiki, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan yi sauri amma kina iya magana. Minti 150 a mako, maki 100. Minti 90 zuwa 119, maki 80. Minti 60 zuwa 89, maki 60. Minti 30 zuwa 59, maki 40. Babu ko kaɗan, sifili.

6. Taba. Wadda ba ta taɓa sha ba, 100. Wadda ta daina shekara 5 ko fiye, 75. Mai sha yanzu, sifili. In akwai mai busa ta a cikin ɗakin da kike zaune, a rage 20.

7. Barci. Awa 7 zuwa ƙasa da 9, maki 100. Awa 6 zuwa ƙasa da 7, maki 70. Awa 5 zuwa ƙasa da 6, ko awa 10 zuwa sama, maki 40. Ƙasa da awa 4, sifili.

8. Abinci. Nan tambayoyi ake yi, kuma an gina su a kan cimar Turawa. Amma abin da ake nema ɗaya ne: yawan ganye, 'ya'yan itatuwa, wake, gyaɗa, kifi da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, ƙarancin gishiri, kayan zaƙi, lemon kwalba da nama mai kitse.

Me bincike ya nuna?

A wani bincike da aka buga a 2012, an bi Amurkawa sama da 13,000 na kimanin shekara 14 da tsohon ma'aunin mai abubuwa 7. Waɗanda suka cika 6 ko 7, haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya yi ƙasa da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda suka cika 1 ko ba ko ɗaya. Mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi kuwa ta ragu da kusan kashi 3 cikin 4.

Da sabon ma'aunin, binciken da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa Ba'amurke mai shekara 50 da ke rukunin sama yana da sauran kimanin shekara 36 a gaba, na tsakiya kimanin 33, na ƙasa kimanin 27. Tazarar sama da ƙasa kusan shekara 9 ke nan. Ki lura da wani abu: tazarar ƙasa da tsakiya ta fi ta tsakiya da sama. Wato wadda ta fi kowa cin ribar gyara ita ce mai ƙaramin maki. Kuma kada ki ɗauka su can sun gama iyawa: matsakaicin makin manya a Amurka bai wuce 65 ba, mutum 1 cikin 5 kacal ke kai wa 80.

Na san wata za ta ce, to ai wannan na Amurka ne. Gaskiya ne, adadin shekarun nasu ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan kashi 1 cikin 3 na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi 3 cikin 4 na wannan adadi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. Sannan akwai binciken da aka yi a gidanmu, mai suna SIREN, a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018. An kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da wasu 2,118 masu lafiya. Aka gano kusan kashi 9 cikin 10 na shanyewar tana da nasaba da hawan jini. Sauran abubuwan da suka fito su ne dai waɗanda muka lissafa: kitsen jini, ciwon suga, teɓa, rashin motsi, taba, barbaɗa gishiri a kan abinci, da rashin cin ganye. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar bai kai 60 ba. Masu sana'a ne, masu riƙe da gida.

Nawa lissafin

Bayan abin da ya samu ma'ajiyarmu, na je aka auna ni. Ga abin da ya fito. Jini 148 bisa 92, maki 25. Suga 96, maki 100. Kitsen jini 145, maki 60. Tsayina mita 1.6, in aka ninka shi da kansa 2.56, nauyina kilo 78, in aka raba ya ba da 30.5, maki 30. Tafiyar ƙafa ta gaske ba ta wuce minti 45 a mako, don kullum ina kan Keke Napep, maki 40. Taba, 100. Barci awa 6, maki 70. Abinci na ba kaina 50. Jimla 475, a raba da 8, ya zama 59.

Wallahi ban ji daɗi ba. Ni da nake jin garau, ko ciwon kai ba na yi. Na koma wata rana aka sake aunawa, jinin yana nan a sama, aka ɗora ni a kan magani. Na rage dunƙulen miya daga uku zuwa ɗaya, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Na ɗauke gishiri daga wurin cin abinci. Na daina lemon kwalba sai ranar biki. Na soma sauka daga keke tun kafin in iso, in ƙarasa da ƙafa, minti 30 sau 5 a mako.

Bayan shekara, jinina 126 bisa 78: maki 75, a cire 20 na magani, saura 55. Motsi ya kai 100. Nauyi ya dawo kilo 74, wato 28.9, maki 70. Sauran na bar su yadda suke. Jimla 605, a raba da 8, kusan 76. Ban kai 80 ba, amma daga 59 na taso.

Kin ga batun cire 20 ɗin nan, kada ya ruɗe ki. Ba hukunci ba ne a kan mai shan magani. Ba tare da magani ba ina da 25, da magani ina da 55. Bincike mai faɗi da aka buga a 2016 ya nuna cewa duk saukar da lambar sama da 10 na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da fiye da kashi 1 cikin 4, yana kuma rage mutuwa da kimanin kashi 13 cikin 100. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a ajiye. Jinin ya sauka ne domin kina sha. Kika bari, ya koma.

Inda makin ke gazawa

Na farko, maki ba duba ba ne. Rai a hannun Allah yake. Abin da lissafin ke cewa shi ne, in ka tara mata dubu masu maki ƙasa da dubu masu maki sama, ciwo da mutuwa za su fi yawa a rukunin farko. Bai san wace ce a cikinsu ba. Sai mu ɗaure raƙuminmu, mu dogara ga Allah.

Na biyu, rabawa da 8 na iya ɓoye haɗari. A ce mace ta samu 100 a ginshiƙai bakwai, amma jininta 170 bisa 105. Jimlarta 700, a raba da 8, ta samu 87, rukunin sama. Alhali tana bakin rami. Don haka ki dubi kowane layi shi kaɗai. Duk inda kika ga sifili ko 25, nan ne aikinki, ko jimla ta yi kyau.

Na uku, rama ba lafiya ba ce. Ma'aunin yana ba da 100 ga duk wadda ke ƙasa da 25, amma wadda ta faɗi ƙasa da 18.5 abinci take buƙata, da duba likita.

Na huɗu, akwai abubuwan da suka shafe mu waɗanda ba sa cikin takwas ɗin. Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi yana cutar da zuciya da huhu. Macen da ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin ciki, haɗarinta na gaba ya fi na sauran, sai ta riƙa awo duk shekara ko ta ji lafiya. Akwai kuma raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin jego, wanda likitoci suka daɗe da sanin yana da yawa a arewacin Najeriya. Mai jego da ke haki, ƙafa na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za a kai ta a ranar. Ba gajiyar haihuwa ba ce. Kuma mu sani kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ta yi hattara da kunun kanwa. Mai ciki kuwa ba ta amfani da wannan maki. Nata awon a wurin awon ciki yake, kuma 140 bisa 90 a ciki maganar zuwa asibiti ce ba tare da jira ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ba kowa ke da kuɗin gwajin kitsen jini ba, na sani. Amma ginshiƙai shida ba sa buƙatar ɗakin gwaji: tambayoyi huɗu, sikeli, tef ɗin tela, da na'urar awon jini. Mu a ƙungiyoyina muna tara abin da muka samu mu raba da adadinsa, da sanin cewa ƙiyasi ne kafin a samu sauran.

Ku tattauna ko za ku sayi na'urar awon jini ɗaya daga asusun taimakon juna, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ku nemi ma'aikaciyar lafiya ta koya wa mutum biyu. Mai awo ta zauna minti 5 tukuna, ta jingina bayanta, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu. Wadda ta kai 140 bisa 90 a rana biyu daban-daban, ta je asibiti. Wadda ta kai 180 bisa 120, ba ta jira mako na gaba. Kowa ta rubuta nata a bayan littafinta. Kada a karanta lambar kowa a bainar jama'a, kada kuma ta zama dalilin hana wata rance.

A gida kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum ɗaya a rana kada ya kai giram 5, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da taliyar yara. A rage a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, maigida ma ba zai farga ba. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, kuka, wake, gero da dawa duk namu ne, kuma su ake nema. Surfe, daka, ɗiban ruwa da noma motsa jiki ne in sun sa ki haki kaɗan; zaman awo a shago daga safe zuwa dare ba shi ba ne, komai gajiyarsa.

Sai alamun da ba a kwana da su. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe ba zato. Ko ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, da gumi, da haki, ciwon na tafiya hannu ko haɓa ko baya. A mata wani lokaci tashin zuciya ne da kasala mai tsanani. A nemi mota nan take, a yi addu'a a hanya. Kada a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa.

Aikin wannan mako: kowace mace ta zo taro na gaba da amsar ginshiƙai huɗu na halaye, da tsayinta da nauyinta. Ta zaɓi layi ɗaya tak mafi ƙarancin maki, ta faɗa wa abokiyar zamanta abin da za ta gyara kafin a fasa akwati. Ma'ajiyarmu yanzu tana zuwa taro da sanda, kuma ita ce ke riƙe da na'urar awon jinin ƙungiyarsu.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.